Tuwon Mero Bayan Rikicin Ketu

Bayan rasuwar mijinta, Mero ta shiga sayar wa 'yan dako tuwo a kasuwar Ketu, can Kudu, har ta kafa rumfa, ta sa 'ya'yanta makaranta. Wutar rikicin ƙabilanci na 1999 ta cinye rumfar ƙurmus. Washegari manyan motoci suka yi ta kwasar mutane zuwa Arewa.

"Inna Mero, hau mu tafi gida," in ji wani direba, tsohon mai cin tuwonta.

"Gida ina, ɗan nan? Kakana ma a Agege aka binne shi."

Ta tono tukunyarta daga toka, ta kankare, ta ɗora girki a bakin layin dogon Agege. Tuwo ya nuna, miya ta yi, amma masu ci duk sun kama hanyar Kano.