Sun Ɗauke Ni Bidiyo Ina Barci

Likitan da ke duba ni a Kano ya ce idan zan koma in je da injin da nake kwana da shi, in kuma je da mutumin da ya fi kowa ganina ina barci. Injin bai ba ni wahala ba, jakarsa gare shi. Mutumin ne ya zame mini aiki.

Ni malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata a nan Daura. Na yi shekaru ina fama da gajiyar da na rasa dalilinta. In kwanta tun bayan isha'i, amma in tashi da asuba kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini turmi, bakina a bushe, idanuna na zafi. A aji sai in tsaya gaban allo da alli a hannu, in rasa inda na tsaya a lissafin da ni na fara shi. Akwai ranar da na yi gyangyaɗi a taron malamai har jakata ta faɗi ƙasa, shugabar makaranta ta kira ni ofis ta tambaye ni ko aikin ne ya ishe ni. A gida kuwa sunan abin son jiki. Surukata takan ce ita ba ta taɓa ganin mace mai minshari irin nawa ba, wai har a zaure ana ji.

Na sha maganin zazzaɓin sauro ba adadi, na sha na taifot, na sha rubutu. Daga ƙarshe wani likita a Katsina ya tura ni Kano. Can aka kwantar da ni, aka manna mini wayoyi a kai da ƙirji, aka auna barcina. Sakamakon ya nuna cewa da na yi barci sai maƙogwarona ya rufe, numfashina ya tsaya, jikina ya farka a firgice ba tare da na sani ba, haka har gari ya waye. Aka haɗa ni da wani ɗan inji mai tura iska ta cikin tiyo zuwa takunkumin da nake ɗaurawa a hanci. Maigidana ya sa aka jona shi da batirin sola, don kada a ɗauke wuta ya tsaya.

Da farko na ji kamar an sauya mini jiki. Amma ba a daɗe ba gajiyar ta dawo, ta ma fi ta farko cin rai, domin yanzu ba ni da abin cewa. Kowa ya san an saya mini inji. Duk wanda ya gan ni ina hamma sai ya ce, to, har yanzu? Dalilin da ya sa na nemi a sake ba ni rana in ga likitan ke nan.

Na fara shiri tun da sauran lokaci. Na nemi izini a makaranta, na wanke tiyo da takunkumi da ruwan ɗumi na shanya su a inuwa. Sannan na samu maigidan bayan ya dawo daga Mai'adua, inda yake cinikin shanu da raguna. Yana zaune a tabarma yana cin tuwo na faɗa masa abin da likita ya ce.

"Ni me zan je in faɗa masa?" in ji shi.

"Abin da kake gani idan ina barci."

"Barci kike yi mana. Kuma ai kin san tun da aka kawo injin nan a ɗakina nake kwana."

Na sani. Ni ce ma ban taɓa tayar da maganar ba. Ya ce yana da dabbobin da zai loda zuwa kudu a makon, amma zai duba. Na kwashe kwanuka na tashi, don na san abin da zai duba ke nufi a bakinsa.

Ana saura kwanaki kaɗan in tafi, ina ofishin malamai ina duba littattafan ɗalibai, sai wata abokiyar aikina, malamar Hausa, ta jawo kujera kusa da ni. Mijinta ɗan garin Babban Mutum ne, akwai 'yar dangantaka tsakaninsa da dangin maigidana. Ta jira har sauran malamai suka fita.

"Malama, akwai abin da na daɗe ina son nuna miki, na rasa ta inda zan fara. Ki yi haƙuri da abin da za ki gani."

Ta miƙo mini wayarta.

Ɗakin na fara ganewa. Watannin baya mun je suna Babban Mutum, gidan wani ɗan uwan maigidana. Mun kwana can, shi ya sa na tafi da injin. Bayan azahar barci ya ci ƙarfina, na roƙi matar gidan ta ba ni ƙuryar ɗakinta, na jona injin da wutar janareto na kwanta, domin likita ya ce ko barcin rana ne kada in yi ba shi. Na rufe ƙofa, na tabbata na rufe.

Ga ni nan a wayar, kwance a kan katifar mutane. Ɗankwalina ya zame, kitsona a waje. Tiyo ya fito daga hancina ya sauka ƙasa, bakina a buɗe, iska na fita ta cikinsa da wani irin sauti. A ƙasan hoton an rubuta: matar Yaya tana caji. Sai na ji muryar da ke ƙunshe dariya a bayan wayar, muryar ƙanwar maigidana ce, autarsu. Akwai wasu matan tare da ita.

Ban iya ajiye wayar ba. Na ga ƙirjina yana ɗagawa yana sauka, sai kuma sautin ya ɗauke gaba ɗaya. Ƙirjin na motsi amma ba abin da ke shiga. Wata a cikinsu ta ce, batir ya ƙare. Suka tuntsire. Can sai na ja wani numfashi da ƙarfi kamar wadda aka tsamo daga rijiya, hannuna ya zabura. Suka sake fashewa da dariya, hoton ya girgiza, ya ƙare.

"Su wa suka gani?" na tambaye ta.

"A guruf ɗin danginsu na waya aka sa. Daga nan ya fita. Ni ma a wayar maigidana na gani."

Na shiga aji na gaba, sau biyu alli yana karye mini. Da aka tashi ban je gida ba. Na tari ɗan acaɓa na ce ya kai ni cikin gari, gidan surukata, domin na san autar kullum tana can da yamma.

Na same su a tsakar gida, autar tana tsinke zogale, surukata Hajiya tana kan darduma da carbi. Na durƙusa na gaishe ta yadda na saba, sannan na juya.

"Ke kika ɗauke ni bidiyo a Babban Mutum?"

Ta dube ni, ta dubi uwarta, sai ta yi murmushi. "Haba Anti. Wannan tsohon zance? Ai wasa ne. Idan ban tsokani matar yayana ba wa zan tsokana?"

Gaskiya ne akwai wasa tsakanin mace da ƙannen mijinta, ni ma na sha yi da ita. Tun tana 'yar firamare take ce mini mai satar yayan mutane, ina ce mata mai ƙaton ciki. Amma wannan a gabana ake yi, ido na ganin ido, in rama.

"Wasa da wanda yake farke ake yi," na ce. "Kin buɗe ƙofar da na rufe. Kin ɗauki kaina a buɗe kin watsa wa maza. Kin san abin da kuke wa dariya? Lokacin da kuka ce batir ya ƙare, numfashina ne ya tsaya. Kuna tsaye a kaina, ba wadda ta taɓa ni."

"To mu mun sani ne?"

"Ba ku tambaya ba."

Hajiya ta ajiye carbi ta ce in yi haƙuri, yarinta ce. Matar da ke da 'ya'ya uku ake kira yarinya. Sannan ta ƙara da cewa ni ma da na bar abin a gida da ba a gani ba, domin mutane ba su saba ganin irinsa ba. Wannan maganar ta fi bidiyon ƙona mini rai. Wato in ɓoye maganina kamar abin kunya, in shaƙe a ɗakin mutane, don kada a samu abin dariya. Amma uwar mijina ce. Na yi mata sai da safe na fita ko ruwa ban sha ba.

A hanya ne abin ya faɗo mini: maigidana yana cikin guruf ɗin.

Da ya shigo bayan magariba ban bari ya zauna ba.

"Ka gani?"

Bai tambayi me ba. Ya cire hula ya riƙe a hannu. "Na gani. Na kira ta na yi mata faɗa, na ce ta goge."

"Ni fa? Watanni ina shiga cikin danginka suna kallona suna danne dariya, ina zaton fara'a ce."

"Na ga faɗa miki ba zai ƙara komai ba sai ɓacin rai."

"Kai ka zaɓar mini ke nan."

Ni kuma na faɗi maganganu da yawa a daren, wasu a kan bidiyon, wasu sun girme shi da shekaru.

Washegari na yi abin da har yanzu idan na tuna sai na ji ɗaci. Na ce wa malamar Hausa ta turo mini bidiyon. Likita ya ce in zo da wanda ya ga barcina, kuma duk duniya ba wanda ya tsaya ya kalle shi da kyau sai waɗanda suka zo yi mini dariya.

Ranar tafiya na shirya zan tafi tasha ni kaɗai, sai na tarar da maigidan a ƙofar gida ya tayar da mota. Ya karɓi jakar injin ya sa a baya. Ban tambaye shi labarin dabbobinsa ba. Ya kunna rediyo, muka kama hanyar Kazaure.

Likitan mutum ne mai sanyin magana. Ya zare wani ɗan kati daga jikin injin ya sa a kwamfuta, ya ce ga shi ina amfani da shi kullum, amma iska na zurarewa da yawa. Na ce ina da abin da zan nuna masa. Na miƙa wayar, na roƙe shi ya kashe sautin.

"Ki yi haƙuri, Malama, sautin nake bukata."

Haka dariyar autar ta cika ofishin, a gaban likita da nas da mijina. Na kafa idona a kan kalandar bango. Likitan ya kalla har ƙarshe, ya maimaita wurin da numfashin ya tsaya, fuskarsa ba ta canza ba. Ya ce bakina ne ke buɗewa, iskar da injin ke turawa ta hanci sai ta fice ta baki, maƙogwaron ya sake rufewa. Zai sauya mini takunkumi mai rufe hanci da baki, ya ƙara ƙarfin iskar, kuma in je a auna jinina, don gajiya ba daga wuri ɗaya kawai take zuwa ba.

Sannan ya juya ga maigidan. "Alhaji, kai me ka lura da shi?"

Na ɗauka zai ce barci take yi. Sai na ji ya ce tun kafin a kawo injin, shekaru da yawa, idan numfashina ya ɗauke yakan taɓa ƙafata har sai na ja iska. Ya ce wani lokaci yakan zauna yana jira, yana tunanin ko wannan karon ba zai dawo ba. Da aka kawo injin ya ga abin bai daina ba, sai ya kasa jurewa ya koma ɗakinsa.

Nas ɗin ta dube ni kamar tana jiran in yi hawaye. Ni kuwa wani sabon fushi ne ya taso mini. Duk shekarun da nake shan maganin taifot, uwarsa na kirana mai son jiki, shugabar makaranta na tuhumata, shi ya san numfashina na tsayawa. Da ya buɗe baki ya faɗa wa likita ɗaya, da an gano abin tuntuni.

"Me ya hana ka faɗa?" na tambaye shi a mota.

"Ban san ciwo ba ne. Na ɗauka haka Allah ya yi ki. Kuma na ji tsoron in tsorata ki."

Na yarda gaskiya ya faɗa. Yardar ba ta sa na huce ba.

Awon ya nuna jinina ya yi ƙasa, aka ɗora ni a kan magani. Sabon takunkumin yana matse mini kumatu, da safe sai na daɗe ina murza shatinsa kafin in fita, amma ciwon kan asuba ya tafi. Gajiyar ta ragu, ba ta ƙare ba. Ina iya kai ƙarshen darasi ban ɓace ba, kuma likitan ya ce in koma bayan wasu watanni.

Autar ta fara aiko da ban haƙuri ta bakin yayanta, na ce ai ta san hanyar gidan. Sai wata Juma'a da yamma ta zo da 'ya'yanta. Ta zauna a bakin tabarma, ba inda ta saba zama ba, ta ce ta goge, ta kuma bi waɗanda ta sani ta ce su goge. Na ce waɗanda ba ta sani ba fa? Ta sunkuyar da kai.

"Anti, har yanzu fushi kike?"

"Har yanzu."

Na tashi na zubo musu dambu, na kawo ruwa. Yaran suka ci suka fita wasa. Ni da ita muka zauna muna maganar ruwan sama da bai sauka ba a garin Baure, har aka kira magariba ta tattara su suka tafi.