Zaman da Ke Tsakanin Ɗagawa

Tun da maigidana ya kwanta dama, gidanmu na Fadan Kagoma ya zama daga ni sai kaji. Daga baya aka aiko mini jikana daga Kafanchan, ya gama makaranta bai samu aiki ba. Saurayi ne marar magana. Yana cikin gidan, amma tarinsa kawai nake ji.

Wata rana ya kwaɓa siminti a tsofaffin bokitai biyu, ya soka bututun ƙarfe a tsakani. Da ya bushe, ya shiga ɗagawa a gindin mangwaro. Ya ɗaga, ya ɗaga, sai ya dire, ya zo ya zauna a bakin bencina yana haki.

Na ce, "Miji, har ka gaji? Ni da nake ɗauko buhun citta tun daga gona, ban taɓa zama a hanya ba."

Ya ce, "Kaka, zaman nan ma aiki ne. In ƙarfe na da nauyi, sai an huta sosai kafin a koma, in ba haka ba ɗagawa ta biyu ta banza ce. Gobe ma ba zan taɓa shi ba. Nama a hutu yake cika."

Na ce, "Ashe saura ke nan." Gonar da aka bari ta sha iska, ita muke kira saura. In ka koma mata, citta sai ta fito kamar tafin hannu.

Ya yi dariya, irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba.

A wannan zaman ne kawai bakinsa ke buɗewa. Ya tambaye ni halin kakansa, na ba shi labarin jirgin ƙasa lokacin da yake cika Kafanchan da baƙi. Da ya haɗa wani ƙarami, na kuma lura, ranar ƙaramin ƙarfe ba ya zama. Ya ja numfashi a tsaye, ya koma. Ranar babban ƙarfe ita ce tawa.

Sai na riƙa zuga shi. "Ƙara siminti, miji, wannan ko ni zan ɗaga." In zai miƙe in ce, "Zauna tukuna, ba ka huce ba."

Ya ƙara, ya huta. Kafaɗa ta buɗe, riga ta matse. Wani ɗan majami'armu ya ga ƙirarsa, ya samo masa aikin gadi a Abuja. Da hannuna na ƙulla masa garin citta.

Yakan kira ni a waya, gajeriyar gaisuwa. "Kaka, ina bakin aiki, ba zama."

Babban ƙarfen yana nan gindin mangwaro, ciyawa ta kewaye shi. Matan zumunta sun ce in bari a fasa simintin a yi murhu. Na hana. Na ce musu hutawa yake yi, mai shi zai dawo kansa.

Da yamma nakan zauna a gefe ɗaya na bencin, in bar ɗayan.