Rigar Farautar da Na Wanke

Shekarun baya, ina sabuwar ma'aikaciyar jinya a Chanchaga da ke Minna, na je Wushishi gaida iyayena. Mahaifina maharbi ne, kuma bindigarsa mai baki biyu tana cin harsashi iri biyu: mai ƙananan ƙwayoyi na zabi, da mai manya na gadu. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, sai wata 'yar lamba a jiki da ke bambanta su. Idonsa ya daina ganin lambar, ni kuwa ban sani ba. Dabararsa ita ce na zabi a aljihun dama, na gadu a hagu.

A lokacin kaina ya cika da ilimin tsafta. Na ga rigar farautarsa a rataye, ta yi baƙi ƙirin. Na zazzage aljihunan, na dirje ta da sabulun da na sayo a Kasuwar Kure, da ta bushe na mayar da harsasan yadda hannuna ya ɗebo. Har ina jiran yabo.

Mahaifina ya shinshina rigar ya yi dariya. "Uwata, yanzu ai naman daji zai jiyo ƙamshina tun daga gida." Da yamma na komo Minna ina jin na yi abin kai.

Washegari da hantsi manoma suka zo kiransa, gadu na tone musu doya. Ya bi su gona, a gabansu ya sa hannu a aljihun hagu, ya ɗura, ya harba sau biyu. Ashe na zabi ne. Gadun ya fusata ya yo kansa, karen mahaifina ya sha gabansa. Gadun ya farke cikin karen, ya shige daji.

Gari ya ɗauka cewa hannun tsoho ya mutu, aka daina kiransa farauta. Bai musa ba, ya rataye bindigar. Ni ma da na ji, har maganin ƙarin ƙarfi na kai masa, ina yi masa nasiha ya huta.

Sai bayan rasuwarsa mahaifiyata ta miƙo mini rigar. Ta ce ranar da ya dawo ya buɗe harsashi ɗaya daga aljihun hagu, ya ga ƙwayoyin, ya gane. Ta ci gaba da cewa, "Na ce masa ya faɗa wa mutane gaskiya. Ya ce, 'Bar su su ce na tsufa, ai ba ƙarya suka yi ba. Yarinyar nan allura take yi wa mutane. In ta ji aikin hannunta ne, hannun zai riƙa rawa.'"

Na yi kuka sosai, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Tun daga nan, in na ga tsoho ya jera magungunansa wani iri, sai na tambaye shi kafin in taɓa. Rigar tana akwatina. Ban sake wanke ta ba.