Jan Maɓallin Yaya Rabi

Shekara uku ke nan da rasuwar Yaya Rabi, Allah ya jiƙanta, kuma sai yau zan faɗi ɓarnar da ɗan yatsana ya yi.

Yayata ce, lantarki ta karanta. Da ta ga firigon masu tsiren layinmu na unguwar Briqueterie na yawan ɓata musu nama, ta haɗa 'yan na'urori tara, kowacce kamar akwatin ashana, ta liƙa wa kowa. Aikinsu barci. Sai bayan minti ashirin kowacce ta farka, ta auna sanyi, ta miƙa wa maƙwabciyarta labari har ya iso wayar Yaya, ta koma barci. Na ce ashe an ƙera 'yan ajinmu. Ta ce barcin nan shi zai kai batirin shekara biyu.

A zaurenmu akwai jan maɓallin gwaji. In an danna, duka taran su farka suna ƙyalli. "Sadiƙu, kar ka taɓa," in ji ta. Washegari na tara rabin yaran unguwar Nkomkana, na ce ina da aljanu tara masu jin maganata. Kullum na dawo makaranta sai na tashe su, har yatsana ya yi kanta.

Wata biyu batiran suka ƙare, a makon da Yaya ke kwance asibiti. Firigon Baba Isa mai tsire ya tsaya, waya ba ta ce uffan ba, naman sa guda ya yi wari. Aka dawo mata da na'urorinta a leda. Maɓallin yana ajiye lokacin kowace dannawa, saboda haka ta gani: ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu. Ta dube ni, sannan ta juya ta ce, "Baba Isa, kuskurena ne, a yi haƙuri."

Kwanaki na ga irinsu a kasuwar Mokolo cikin kwali mai ƙyalli. Da tana nan, na san tambayarta ta farko ga mai shagon: awa nawa suke barci? Me za ta ce kuma in ta ji har yanzu a layinmu duk malalaci "na'urar Rabi" ake kiransa, ni ma ina taya su dariya?

Baba Isa, da ku masu tsire, aikinta bai da aibi. Akwai ta goma, wadda ta liƙa a firigon Inna ba ta haɗa ta da maɓallin ba. Ta yi shekara biyu da wata biyar tana aiki. Yaya ta rasu batirin yana da sauran shekara guda.