Khal ɗin Alhaji da ƙafar maigidana

Ko na manta komai a rayuwata, ba zan manta daminar da maigidana ya dafa ƙafarsa da hannunsa ba. Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba, ana ta saran hanya daga Dutse zuwa Kano, ni kuma ina amarya a Limawa.

Maigidana manomi ne, yana da itatuwan dabino da ya gada, shi ke hawa da kansa. Duk damina ruwa sai ya ci ƙafarsa, tsakanin yatsun ya yi fari, ga ƙaiƙayi, ga warin da kan kore ni daga ɗaki.

A shekarar ne kawunsa ya dawo daga Makka, a ƙafa, bayan har an cire rai da shi. Cikin tsarabarsa akwai wata kwalba mai ruwan tsami. Ya ce sunansa khal, daga wani ɗan itace wai shi tuffa ake yin sa, abin da ba mu taɓa gani ba. Ya yi bayani a gabana: a ɗiga kaɗan a ƙwaryar ruwan ɗumi, a tsoma ƙafa na ɗan lokaci, a fitar a goge ta bushe. Ya ja kunne cewa kada a kusanta shi da buɗaɗɗen ciwo.

Gaskiya ya yi aiki. Warin ya tafi, ƙaiƙayin ya lafa, har kaushin ya yi laushi. Daga nan maigida ya zama boka. Duk wanda ya zauna a zaure sai ya sha labarin khal.

Ana cikin haka faso ya tsaga masa dunduniya har tana jini, ga dabino ya nuna, ga hadari kullum. Ya matsu ya warke ya hau. Na fito daga madafa sai na gan shi ya juye kwalbar gaba ɗaya a akushi, bai sirka da ko ɗigon ruwa ba.

Na ce, "Malam, Alhaji fa cewa ya yi kaɗan, kuma ban da ciwo."

Ya ce, "In kaɗan ya yi wannan aikin, ina ga mai yawa?"

Ya tsoma. Na ga gumi na karyo masa, yana cije leɓe, amma saboda na yi magana ya ƙi cirewa. Wai zafin alamar magani na shiga ne. Na roƙe shi, na yi fushi, na koma kan tuwona ina ƙunƙuni. Da ya ga dama ya fitar, fatar ta yi jajir ta saɓule, ko taka ƙasa ba ya iyawa.

Ni na yi ta wankin ƙafar da shafa man kaɗanya. Yana kwance ruwa ya yi ta dukan dabinon. Kafin ƙaninsa ya samu sarari daga tasa gonar ya zo ya hau, rabi ya ruɓe a sama. Da Alhaji ya zo dubiya, ya dubi ƙafar, ya dubi kwalbar, ya girgiza kai kawai ya fita.

Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. Abin da na koya shi ne, magani da ƙa'idarsa yake amfani. Wanda ya wuce ta don gaggawa, jinyarsa ce ke ƙaruwa, kuma na gida su ke shan wahalar.