Neman Ɗanyen Kifi Daga Makka Zuwa Jidda

Mu biyu muka yi tafiyar nan, ni da Kawu Sale, yayan mahaifiyata, haifaffen Makka, wanda ke da gidan dafa wa alhazai abinci a unguwar Misfala. Mahaifiyarsa, Hajiya Kaka, ita ta kafa gidan, kuma har yau ita ke iko da tukwane. Ni kuwa daga Kano na zo bayan na kammala jami'a, don in taya su aiki.

Wani Bajapane Musulmi, Alhaji Yusuf, jagoran wata ƙaramar tawaga, yana neman wanda zai ciyar da mutanensa a Mina. Ya ce zai zo washegari bayan la'asar ya ɗanɗana hannunmu, ya kuma ambaci abu biyu daga abincin ƙasarsu: sushi da sashimi. Bana ba mu da wata tawaga a hannu, kuma da aikin Hajji gidan ke cin shekara.

Fita daga Misfala

Mun fita kafin asuba a tsohuwar motar Kawu, da kula babba a baya. Akwai wani mai dafa abinci ɗan Japan a Jidda, mai suna Kenji, wanda ya yarda ya koya mana. Da yake ba Musulmi ba ne, ba shi da hanyar shiga Makka, dole mu ne za mu je. Mun yi salla a wani masallacin bakin titi, muka ci gaba. Tafiyar kimanin kilomita tamanin ce, kuma Kawu ya cinye rabinta yana nanata cewa sunaye biyun nan abu ɗaya ne, ɗanyen kifi ne kawai, sauran duk iyayi. Na ce ban yarda al'umma ta ajiye suna biyu a banza ba.

"To, Malam na jami'a," in ji shi. "Yalla, ma gani."

Jidda

Kenji ya tarye mu a kasuwar kifi ta bakin teku. Gajere ne, Larabcinsa ƙwaya-ƙwaya. Ya duba idon kifi, ya ɗaga kunnensa, ya danna tsokarsa da yatsa, ya ƙi wajen goma kafin ya zaɓi biyu, irin wanda ake kira najil. Ya binne su cikin ƙanƙara da hannunsa.

A ɗakin girkinsa ya ajiye faranti biyu. A na farko akwai yankan kifi zalla, sirara, ba wuta, ba gishiri, sai ɗan koren yaji da baƙin ruwan waken suya a gefe. Wannan shi ne sashimi. Ba a haɗa shi da shinkafa, kuma duk darajarsa tana ga sabuntar kifin da kaifin wuƙa. A na biyu akwai curin gajeriyar shinkafa mai danƙo, wadda aka gauraya da ruwan tsami da sukari da gishiri. Ya ce wannan shinkafar ita ce sushi. Ana iya ɗora mata ɗanyen kifi, ana iya ɗora ƙwai ko kokwamba ko dafaffen kifi, ko a naɗe ta a busasshen ganyen teku. In babu shinkafar, babu sushi.

Kawu ya tambaya ko doguwar shinkafarmu ta kabsa, dafa-dukan Larabawa, za ta yi. Kenji ya rufe ido kamar an taka masa ƙafa. Na nemi ganin kwalbar ruwan tsamin, na karanta abin da ke jikinta har na tabbata babu giya a ciki. Sannan ya riƙe hannuna ya nuna mini yanka: a ja wuƙa sau ɗaya, daga gindinta zuwa tsininta, ba a gurzawa. Na lalata yanka da yawa kafin ya gyaɗa kai. Kawu ya ƙi ɗanɗana sashimin, ya ce shi yana azumin nafila. Ni kuwa na ga lokacin da ya sha shayi a kasuwa.

Komawa

Rana ta take sa'ad da muka iso shingen Shumaisi, inda ake binciken masu shiga Makka. Layin motoci ya yi tsawo, na'urar sanyin motar ba ta aiki. Na cire rigata ta sama na lulluɓe kular. Jami'in ya duba takardunmu, ya leƙa baya, ya tambaya wane mara lafiya muka lulluɓe. Kawu ya ce kifi ne. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Misfala

Mun iso ana kiran azahar. Na buɗe kula, ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, kifi lafiya lau. Muka ajiye ta a ƙofar ɗakin girki muka ruga masallaci. Babu wanda ya tuna ya yi wa Kaka bayani.

Tun daga bakin lungu na ji ƙamshin suya. Mun tarar ta yanka duka biyun, ta shafe su da tafarnuwa da barkono, na ƙarshe yana cikin mai.

"Angona, ka ga na hutar da kai," in ji ta. "Baƙo zai zo, ku bar kifi ɗanye a ƙofa?"

Da Kawu ya gaya mata ɗanyen ake so, ta ce shekarunta a garin nan ba ta taɓa ba baƙon Allah ɗanyen nama ba, kuma ba za a fara a gidanta ba.

Komawa Jidda ba zai yiwu ba kafin la'asar. Na wanke gajeriyar shinkafar da Kenji ya haɗo mu da ita tare da ruwan tsami da ganyen teku, na ɗora. Kaka, duk da mitarta, ita ta yi mini fifita da murfin tukunya ina gaurayawa. Na naɗe wasu da kokwamba, wasu da ƙwai, wasu da tsokar soyayyen kifinta. Kawu ya ja ni gefe ya ce in yanka ragowar soyayyen kifin sirara, mu kira shi sashimi, mutumin ba zai yi gardama a gidan mutane ba. Na ce ba zan kira abu da sunan da ba nasa ba.

Alhaji Yusuf ya zo, na ajiye masa faranti ɗaya, na ce wannan sushi ne, sashimi kuwa babu, na faɗi dalili. Ya ci na kokwamba, ya ci na ƙwai. Da ya kai ga na kifin Kaka ya yi tari har hawaye, ya sha ruwa, ya sake ɗaukar wani. Ya ce shinkafar ta yi, zai ba mu abincin safe na tawagarsa. Na rana da na dare zai kai wani gida, domin abu biyu ya nema, ɗaya ya gani.

Bayan magariba Kawu ya ce in koya wa ma'aikata dafa shinkafar tun gobe. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mun gode wa Kenji. Abin da muka rasa: najil biyu, abincin rana, abincin dare.