Na karya wa Hajiya Talatu azumi a gidan motsa jiki

Jama'a, yau na yi abin kunya.

Bayan azahar na lallaɓi maƙwabciyata Hajiya Talatu ta raka ni gidan motsa jiki na mata a Kakuri. Ta ce a bari sai gobe, na yi ta roƙo har ta ɗauko mayafi.

Madam Rhoda mai koya mana ta ce tafiya kan inji tukuna, sannan ɗaga ƙarfe. Hajiya ta sauko daga inji tana haki, ta nemi benci. Ni da bakina na ce, "Daure, Hajiya, sai an haɗa da ƙarfe ake ganin amfani."

Tana ɗaga ƙarfen sai ta sulale ƙasa! Na fasa ledar ruwan fiya wata na ɗura mata a baki. Ta haɗiye, ta buɗe ido.

Ta ce, "Maman Sadiya, azumin ramuwa fa nake yi."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Nauyinki na ji." Ta karɓi sauran ruwan ta shanye. "Amma ranar da zan sake shi, tare za mu ɗauka."

Na ce to. Alhamis muka tsayar.